Batir na biyu a motar Yaya Habu

Bana shekara hamsin da 'yan kai ke nan da rasuwar yayana Habu. Na tsufa, kuma ba na yarda da tunanina kamar da, don haka mai yiwuwa na haɗa wani abu da wani. Abin da nake da tabbas a kansa kaɗan ne.

Bayan samun 'yancin kai, Yaya Habu direba ne na wani ɗan kasuwa mutumin Maraɗi da ke zaune a nan Tawa. Yakan ɗauki mutane da kaya zuwa kasuwannin Barmu da Takanamat. Babban tsoronsa batir ya mutu a cikin rairayi, inda ba mai iya tura mota. Shi ya sa ya ƙudura ƙara batir na biyu. Ni kuwa lokacin na dawo daga karatu a Dakar, sai na zauna ina lissafa masa duk abin da ka iya faruwa.

"Kai ɗan lakwal, mi ad da kai?" in ji shi yana dariya; lakwal ita ce makarantar boko a wajenmu. "Kai ko hura aka ba ka sai ka tambayi rijiyar da aka ɗebo ruwan. Riƙe min fitila dai."

Duk da zolayar, bai yi garaje ba. Ya fara cire wayar da ke haɗe da jikin mota kafin ya taɓa komai. Ya ɗaure sabon batirin cikin akwatin katako bayan kujera, ya huda akwatin don iska. Inda waya mai kauri ta ratsa ƙarfe, ya naɗe bakin ramin da robar tsohuwar taya. Ya sa makunni na raba batiran biyu, don kada ɗaya ya shanye ɗan'uwansa. Dab da kan batirin kuma ya sa fizibil, ɗan abin nan da ke tsinkewa ya yanke wuta in waya ta goge. Wannan da idona na gani.

Sai dai a lokacin fizibil ba ya samuwa a Tawa, sai an aika Yamai ko Sakkwato. Direbobi suna da dabararsu: in ya tsinke, a naɗe shi da farar takardar nan mai ƙyalli kamar dalma ta cikin kwalin taba, mota ta ci gaba. Wutar takan wuce, amma ba abin da zai ƙara yanke ta.

Wata ranar kasuwa, da rana tsaka, a hanyar Takanamat, hayaƙi ya taso daga bayan kujera. An ce Yaya Habu ya tsaya ya fitar da kowa, har da wata tsohuwa da ya ɗauko a hannu. Sannan ya koma don ya fizge wayar, saboda akwai jarkokin fetur a ciki. Bai fito da wuri ba. Ya yi jinya a asibiti, Allah ya karɓi abinsa. Ina zaune gefensa da duk karatuna, ban da abin yi sai kora masa ƙudaje.

Da aka duba ƙarfen da ya rage, aka ce an ga alamar takardar taba a mazaunin fizibil. Daga nan magana ta bazu cewa gangancin direba ne. Yaya Habu ba ya shan taba. Na kuma ji an ce an ara wa wani motar kafin ranar, amma ban tabbatar ba, ba kuwa zan ɗora wa kowa ba. Ba zan iya rantsuwa ba shi ya naɗa ba, domin wanda rana ta kama a daji da mutane a mota, ban san iyakar abin da zai yi ba. Tsautsayi, an ce, ba ya wuce ranarsa.

Yau in na bi ta tasha ina ganin motoci da batir biyu, ga firiji, ga wayoyin caji sun yi rassa. Fizibil ya cika shaguna, kuɗinsa bai kai na shayi ba. Duk da haka kwanan baya na ga wani matashi ya murɗa zaren waya a mazauninsa. Na ce, "Ɗana, wannan ba ya tsinkewa fa." Ya ce, "To Baba, ai shi ya sa na sa shi." Ban san me Yaya Habu zai yi ba. Watakila ya yi dariya, watakila ya ƙwace sukurdireban ya gyara da kansa, abin da ni ban taɓa iyawa ba.

Abin da ya rage nasa shi ne mutanen da ya fitar, da zuriyarsu, da 'yarsa Hadiza da aka haifa bayan rasuwarsa. Yanzu tana da jikoki. Ta girma tana jin ana cewa ubanta ya ƙone kansa da ganganci, kuma ta sha tambayata, "Baffa, gaskiya ne?" Kullum amsata ita ce ban sani ba.

Saboda haka, in akwai wanda ya hau motar nan ranar, ko ya ji daga bakin iyayensa a Takanamat ko Barmu, ina roƙo ya aiko ta hannun jaridar nan ya gyara mini. Ko da gyaran zai nuna Yaya Habu ne ya naɗa takardar, a faɗa. Hadiza ta ce za ta iya ɗauka. Allah ya jiƙansa.