Gawar da Ke Cikin Hoton

Har yau in na ga mai hoto ya tara mutane yana cewa kada kowa ya motsa, sai in ji raina ya ɓaci. Jikokina suna ɗauka tsufa ne. Ba tsufa ba ne, ina da dalili.

Garinmu gari biyu ne a ƙasar Buza cikin Adar, kusa da hanyar da ke bi ta Deule. Ɗaya yana kan dutse, ana ce wa mutanensa 'yan bisa. Ɗaya yana gindin dutsen a bakin fadama, su ne 'yan ƙasa. Asali kaka ɗaya ne. Tun kafin zuwan Nasara 'ya'yan wa da ƙane suka yi rigima a kan fadamar, har aka zubar da jini a gindin wata ganuwar duwatsu da ke kan gangare. Da aka gaji aka shirya, tsofaffi suka yanke cewa ba mai sake faɗin wanda ya ci wani. Suka mai da abin wasa.

Kowace kaka, in an gama ɗaure gero an zuba a rumbu, samarin gari biyun sukan haɗu a gindin ganuwar nan da karan dawa maimakon mashi, da tsohon faifai maimakon garkuwa. A buga ganga, a yi kirari, a zagi juna son rai, a kwaikwayi yaƙin. Doka ɗaya ce: ba a faɗuwa. In wani ya yi tuntuɓe ya kai ƙasa, kowa sai ya kau da kai kamar yana neman akuyarsa, makaɗi ya ƙara wa ganga ƙarfi har mutumin ya tashi ya karkaɗe wando. Wanda ya ce ya gani, shi ne abin kunya.

Mahaifina shi ke kashe wasan. Ubansa ɗan bisa ne, uwarsa 'yar ƙasa. Lokacin yaƙin na gaskiya yana matashi, uwarsa ta tura shi cikin rumbu ta rufe, ta ce duk inda ya harba kibiya jininsa zai samu. Saboda haka gari biyun suka ɗauke shi nasu. In rana ta karkata, sai ya shigo tsakiyar fili da ƙwaryar ruwa, ya miƙa wa babban 'yan bisa ya kurɓa, ya miƙa wa na 'yan ƙasa, shi ke nan a zubar da kara a tafi cin tuwo. Ba shi da sarauta, gonarsa ma ba ta fi ta kowa ba. Wannan matsayin shi ne duk abin da ya mallaka, kuma yana ji da shi. In akuyar bisa ta ci waken ƙasa, shi ake kira. In za a nemi aure daga wancan gari, shi ke gaba. Har tafiyarsa daban take in ya bi gangaren nan.

Wata shekara, ina da aure da ɗa guda a goye, sai ga gardi, wato dogarin Nasara, daga Madawa da saƙon kumandan, Nasaran da ke mulkin ƙasar. Wai yana da baƙo Nasara mai ɗaukar hoto da ya ji labarin wasanmu, yana so a yi masa. A lokacin gero bai ma gama nuna ba. Masu gari biyu suka ce to, don ba a ce wa kumandan a'a, balle ana cikin kwasar mutane aikin hanya.

Baƙon ya zo da tafinta da akwati mai ƙafa uku da baƙin ƙyalle. Dogo ne, wuyansa ja kamar na zakara, kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Tun farko ya fara ɓata mana. Ya dubi karan dawa ya yi tsaki, ya ce a fito da makamai na gaske. Aka shiga ɗakuna aka zaro masu da bakuna da suka yi shekaru a soke jikin jinka, wasu gara ta cinye ƙotarsu. Ya ce a tuɓe riguna. Tsofaffi suka nuna masa daidai inda aka yi karon, shi kuwa ya kalli rana ya ce wurin bai yi ba, ya kora mu can bayan wani tudu inda ko kare bai taɓa faɗa ba. Ganuwar da aka mutu a gindinta ko ƙeyarta ba ta shiga hoton ba.

Muka jeru, muka ɗaga masu, ya shige cikin ƙyallensa ya fito, ya sake shiga ya fito. Sai ya yi wata magana da ƙarfi. Tafinta, wani mutumin Tawa mai jar hula, ya juyo ya ce, “Ya ce wane irin yaƙi na wanga babu gawa? Mutum guda shi kwanta.”

Maigarin bisa ya dubi sama, na ƙasa ya dubi yatsun ƙafarsa. Tafinta ya sake faɗa. Wani dattijo ya ce, “Ranka shi daɗe, mu nan ba a hwaɗuwa.” Tafinta bai ko juya maganar ba, ya ce masa in ba a faɗuwa nan, ana faɗuwa a aikin hanya. Gardi ya gyara riƙon bulalarsa. 'Yan bisa suka ce ai 'yan ƙasa sun saba kwanciya a fadama, su ba da mutum. 'Yan ƙasa suka ce wanda ke bisa shi ke faɗowa. Aka yi 'yar dariya, amma kowa ya san ba dariya ba ce. Ga makamai na gaske a hannun samari, ga rana, ga Nasara yana buga ƙafa.

Na ga mahaifina ya ajiye ƙwaryarsa a gindin wata aduwa. Tun kafin ya buɗe baki na san abin da zai yi. Na sha gabansa, na rage murya.

Na ce, “Baba, don Allah kak ka yi. Wasa shina wucewa, gobe an manta. Amma abin da yas shiga akwatin ga, ba mu san inda za shi ba.”

Ya ce, “To mi kake so? A kwashe samari a kai su hwashin dutse saboda kwanciya guda?”

Na ce, “Su masu gari su san yadda za su yi. Kai mi ya kai ka?”

Ya yi murmushin nan nasa da ke ƙona mini rai, na mutumin da ya tabbata kowa na sonsa. Ya ce, “Kai yaro na. In ɗan bisa ya kwanta, an ci bisa. In ɗan ƙasa ya kwanta, an ci ƙasa. Ni kau na kowa na. In na kwanta, wa anka ci?”

An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na ji, na yarda. Amma ran nan ni ne a kan rimin, babban kuma yana ƙasa yana shimfiɗa buzunsa.

Ya kwanta a gefen dama yana fuskantar gabas, ya haɗa ƙafafu, yadda duk Musulmi zai so a kwantar da shi. Mai hoto ya zo ya janye buzun. Ya mirgina shi rigingine da hannunsa, ya ware masa ƙafa, ya jefa hannu ɗaya can. Sannan ya kama rawaninsa ya warware ya yar a gefe. Ni tun da na yi wayo ban taɓa ganin tsakar kan mahaifina a waje ba, sai ran nan, a gaban surukansa da yaran gari biyu. Mai hoton ya ce ya buɗe baki. Ya buɗe. Mutane suka kau da kai bisa al'ada, tafinta ya daka tsawa ya ce kowa ya juyo.

Aka ɗauko saurayi guda ya tsaya a kansa da mashi. Bai yi wa Nasara ba, aka sake wani daga ɗaya garin, aka sake wani, ana ta shiga ƙyalle ana fita. Samarin duk suna ta noƙewa, don ba wanda ya taɓa ɗaga ƙarfe a kan dattijo. Shi kuwa yana kwance a kan ƙasa mai zafi, ƙuda na bin leɓensa, bai ko ƙifta ba. Da aka gama, masu gari biyu suka ɗaga shi suna sa masa albarka, suna cewa ya fitar da su kunya. Ya kalle ni yana naɗa rawani, ya ce, “Ka gani?”

Na gani kuwa, bayan 'yan watanni. Kumandan ya aiko wa hakimi hoton kyauta, aka kafa shi a zaurensa a Buza, inda duk mai zuwa kasuwa zai leƙa. Na je da kaina. Duk wanda ke tsaye ya ɗan motsa, fuskokinsu sun fito dishi-dishi. Mai mashin ma ba ka cewa ga ko wane ne, kuma da yake an yi ta sauya su, kowane gari ya rantse nasa ne. Fuska ɗaya ce tak ta fito tangaran, har da tsagen kumatu da giɓin haƙori, ta wanda bai motsa ba.

Da wasa aka fara. Ya ratsa kasuwa, ɗan bisa ya ce wa ɗan ƙasa, “Ga gawarku nan ta taho sayen gishiri.” Wancan ya ce, “Tamu? Ubanai ɗan ina na? Naku na!” Wannan ya ce, “Nonon wa yas sha? Naku na!” Mahaifina ya taya su dariya. Ni ban yi ba. Abin da aka yi shekara da shekaru ana rufewa, wato wa ya ci wa, yanzu ga shi a jikin bango, saura kawai a san gawar ta wace gari ce. Mutumin da jiya kowa ke cewa namu ne, yau kowa na tura wa ɗan'uwansa shi kamar kuturun kare.

Na je wurin hakimi na durƙusa na roƙi a sauke hoton. Ya ce kyautar kumandan ce, in ya sauke me zai ce in an tambaya? Na taka har Madawa na sami tafintan a bakin biro, wato ofishin kumandan. Ya ce in ma an sauke wannan ihu ne bayan hari, don gilashin da aka ɗauka da shi ya tafi Faransa, kuma daga shi ana iya fitar da wasu iya son rai. Na tambaye shi ko za a iya rubuta a ƙasa cewa wasa ne. Ya dube ni kamar na ce a mayar da ruwan sama. Na dawo gida da ƙafa a kumbure, na tarar da tsohon yana saƙar igiya, yana gaya mini wai mutane za su gaji.

Ba su gaji ba. Da wata kakar ta zagayo aka taru a gindin ganuwa, ya shigo fili da ruwansa kamar kullum. Babban 'yan bisa ya ce ba ya sha daga hannun wanda suka kashe. Na 'yan ƙasa ya ce in ya sha ya yarda ke nan gawarsu ce. Suna faɗa suna murmushi, amma ba wanda ya miƙa hannu. Tsohon ya tsaya a tsakiya, ruwa na zuba a kan yatsunsa. Da yake ba a kashe wasan ba, sai ya ci gaba, daga kara aka koma dutse, aka fasa wa mutum uku ko huɗu kai. Labari ya kai Madawa, kumandan ya hana wasan gaba ɗaya, ya ce da ma ya san mu ba mu da hankali.

Daga nan aka daina kiransa. Ba wanda ya kore shi, ba wanda ya zage shi, ai da ma zagin ne da na san wanda zan kama. Akuya ta yi ɓarna, a kai wa maigari. A ɗaura aure tsakanin bisa da ƙasa, sai dai ya ji guɗa daga gida. In ya je suna a ba shi tabarma a gefe, a gaishe shi da kyau, a juya. Ina jin haushin mutanen, ina jin haushin Nasaran, kuma wallahi ina jin haushinsa shi ma, don ko sau ɗaya bai ce sun yi masa ba daidai ba. Kullum da hantsi zai sa wankakkiyar riga ya zauna a ƙofar gida yana duban gangare, ko wani zai hawo nemansa.

Shekaru suka wuce, yaƙin Nasara ya zo, aka shiga kwasar samari soja da gero. A cikin wannan ne aka ɗauki ɗana, wanda ke goye ranar hoton, aka kai shi lakwal, makarantar Nasara, a Madawa. Da ya zo hutu muna zaune a ƙofar gida da la'asar, tsohon a kan buzunsa, sai yaron ya ce ya ga kakansa a makaranta. Malaminsu ya zagaya da wani kati mai ɗauke da hoton nan yana nuna musu yadda mutanen Adar ke kashe juna kafin a kawo musu zaman lafiya. Ya ce ya ɗaga hannu ya ce wannan kakansa ne, yana gida da ransa. Yara suka fashe da dariya, malam ya ce ya zauna ya bar shirme.

Na buɗe baki zan yi ashar, tsohon ya ɗaga mini hannu. Ya jawo yaron kusa, ya riƙe wuyan hannunsa.

Ya ce, “Malamin naku, ya hwaɗi ko gawar ta wane gari ta?”

Yaron ya ce, “Bai hwaɗi ba, Kaka.”

Na zaci zolaya yake yi, na dubi fuskarsa ina jiran murmushin nan. Babu shi.

Ya ce, “In ka koma ka tambaye mani shi. Su da ke da takarda, wataƙila sun sani.”