Zare Mai Ƙulli Biyu

Zaren ya iso mini ne ta hannun wata Hajiya 'yar garinmu, wadda takan zo Alƙahira sau biyu a shekara sarin dogayen riguna da mayafai. Ta hawo benen da nake zaune a unguwar Ard al-Liwa tana haki, tana mitar yawan matakala, ta zauna, ta sha ruwa, sannan ta kwance bakin gyalenta ta miƙo mini farin zare irin na masaƙa, da ƙulli biyu a jikinsa.

"Baba Malam, ga saƙon yayanka," in ji ta. "Na ce masa mutane kan aika wa 'yan'uwansu kilishi da daddawa, shi kuwa sai zare. Ya ce in yi shiru, kai ka san karatunsa."

Yayana maharbi ne, kamar yadda mahaifinmu ya kasance. Yana zaune a garinmu da ke gindin duwatsu a ƙasar Bauchi, kuma har yau da ya haura saba'in, shi manoma ke kira idan gadu, wato aladen daji, ya addabi gonakin rogo da gyaɗa. Ido ɗaya gare shi, na dama. A 'yan shekarun nan idon ya fara gajiya da hangen nesa, sai ya ga wani ma'aikacin gandun daji da madubin bindiga, irin wanda ake ɗaurawa a bisa bututu ya jawo abin da ke nesa zuwa kusa, ransa ya biya. Da yammacin ranar da zaren ya iso, saƙon muryarsa ya shigo wayata, yana kirana da sunan da ya laƙaba mini.

"Bamisre, ka ga zare? Bindigar nan tawa in ta yi shuri tana komowa baya yatsa huɗu. Na ƙara ɗaya saboda tsufa, ya zama biyar. Daga ƙulli zuwa ƙulli, nan ne tsakanin idona da bakin madubin. Kada ya gaza. Ka san abin da ya rage mini."

Na sani kuwa, fiye da kowa a duniya. Ina da shekara goma sha tara, shi yana da ashirin da huɗu, muka fita wata fadama da hantsi a cikin kaka, da adakar mahaifinmu. A gidanmu ba a ɗura albarushi da ka. In an zuba an danna da ƙarfe, sai a ɗora yatsu a kan abin da ya yi saura na ƙarfen a bakin bututu: yatsa uku shi ne daidai, abin da ya wuce haka mugun ɗuri ne. Yaya ya riga ya ɗura tun a gida bayan asuba. Ni ban tambaya ba. Ya ba ni riƙo ya sunkuya duba sawu, na hango barewa a bakin ciyawa, ɗoki ya kama ni, na zuba wani albarushin a kan na farko, na danna, ban ɗora yatsa ko ɗaya ba, na miƙa masa. Adakar ta fashe a fuskarsa, ta tafi da idonsa na hagu. Da muka koma gida ya ce wa mahaifinmu bututun ne ya tsufa. A kan haka maganar ta zauna. Shekarar da ta biyo na tafi karatu, karatun ya kawo ni Masar, na yi aure, na haifa, na yi furfura a nan, bai taɓa ɗago zancen ba, ni ma ban taɓa samun bakin ɗagowa ba.

Washegari na sa babbar rigata mai aska, na kafa hula, na tura zaren cikin aljihu, na nufi Wustul Balad, wato tsakiyar birni. Ni mutum ne da ba ya shiga kasuwa da kayan barci, ko da albasa zan saya. Shagon kayan farauta da aka kwatanta mini yana cikin wani siririn layi, ana hawa 'yar matakala kafin a shige shi, ga taga doguwa tana kallon rufin gidaje. Mai shagon tsohon Bamisre ne mai farin gashin baki, wanda daga baya ya gaya mini cewa duk lokacin sanyi yana tafkin Fayyum yana harbin agwagin ruwa. Ya jera mini madubai a kan jan ƙyalle. Idona bai tsaya ko'ina ba sai a kan mafi girmansu, baƙi wuluk, mai sheƙi, mai kauri kamar ƙaramar taɓarya, da maɓallai har uku a gadon bayansa.

Na ɗauka na je bakin taga, na kanga shi a idona.

Birnin da na shekara arba'in ina kutsawa a cikinsa da ƙafa sai ya taso ya zo gare ni shiru, ba ƙarar mota, ba ihun mai talla. Na ga wani mutum a can saman wani bene, tsaye a kan ɗakin tattabarunsa na katako, yana kaɗa tsumma, tattabarun suna kewaya shi a sama kamar an saƙa su da igiya ɗaya. Na ga wata a cikinsu mai ɗigon toka a wuya. Na ga wata tsohuwa tana karkaɗe darduma, ƙurar tana tashi a hankali tana zama zinariya. Na murza maɓalli, jinjirin watan da ke kan wata hasumiya ya matso har na ga tsatsar da ke gindinsa. Sai zuciyata ta raya mini cewa in na ƙara murzawa kaɗan, rufin gidajen nan za su ƙare, rairayi ya wuce, duwatsun garinmu su bayyana, da fadamar nan, da ciyawa mai raɓa, da wani saurayi sunkuye yana duban sawu da idanunsa biyu. Ban san iya lokacin da na ɗauka a tsaye ba.

"Khalas, shi ke nan," na ce. "Wannan za a ba ni."

Gaskiyar magana, garinmu nake hange. Ina ganin an kwance ƙunshin a ƙofar gida, maƙwabta sun taru, kowa na son ya leƙa, ana cewa ƙaninsa ne na Masar ya aiko. Zaren da ke aljihuna kuwa na bar shi inda yake.

Mai shagon bai yi gaggawar naɗewa ba. Ya ce, "Ya Hagg, a kan wace bindiga za a ɗora? Ta iska, ta harbin tsuntsu?"

Na ce ta harsashi ce, tsohuwa, mai shuri kamar jaki.

"Idon wa zai zauna a bayansa? Naka?"

A nan kunya ta kama ni. Na zaro zaren, na yi masa bayanin ƙulle-ƙullen da Larabcin da nake taƙama da shi, wanda a ranar ya riƙa sarƙe mini a harshe. Ya karɓa ya jujjuya shi, ya yi murmushi, ya ce a shekarunsa na shago an kawo masa awo a takarda, an kawo a waya, ba a taɓa kawo masa a zare ba. Ya sa na sake ɗaga babban madubin. Ya ɗora ƙulli ɗaya a bakinsa, ya ja shi gaba har ɗaya ƙullin ya taɓa girata, ya ce in duba.

Duhu na gani. A tsakiyar duhun akwai ɗan haske kamar ƙwandala, yana rawa, yana ɓacewa.

"Matso," in ji shi. Na matso. Sai da ya rage yatsa uku tsakanina da gilashin sannan tattabarun suka dawo.

"Ma'alish, yi haƙuri, ya Hagg. Wannan na masu bindigar iska ne, wadda ba ta shuri. Kyakkyawa ne, amma yana son a rungume shi." Ya ɗaga girarsa ta dama da yatsa, ya nuna mini wani tsohon tabo mai siffar jinjirin wata. "Irinsa ne ya sumbace ni ina saurayi. Ni ina da ido biyu, na yi dariya. Ɗan'uwanka fa?"

Har yanzu ina mamakin abin da ya fito daga bakina. Cewa na yi ai sai ya ɗan matso da fuskarsa, zai saba. Ina rufe baki na ji muryata ta dawo mini daga bango, muryar wancan mai shekara goma sha tara da ya ga barewa. Na ajiye madubin a kan jan ƙyallen da hannu biyu, na nemi kujera na zauna.

Wanda ya ɗauko mini daga ƙasan kanta ƙarami ne, ba sheƙi, ba ado, ba ya jawo abu sai ninki huɗu. Aka ɗora zaren. Da'irar ta cika fal tun daga inda ƙullin ya tsaya, siraran layuka biyu sun gitta a tsakiya. Na ja kaina baya kaɗan, ba ta tsuke ba. Ya karɓa ya saita gicciyen a kan wani indararo da ke bangon can ƙetare, bisa wani maɗauri da ya kafa a taga, ya bubbuga jikinsa da tafin hannu da ƙarfi, ya ce in duba ko ya gusa. Bai gusa ba. Ya tambaye ni ko ana ruwa a ƙasarmu, na ce damina tamu ba irin yayyafinku ba ce. Sai ya sa shi a cikin firjin da yake ajiye ruwan sha, muka sha shayi, ya fito da shi, ya goge bayan gilashin, ciki bai yi hazo ba. Daga nan ya ce wane lokaci dabbar ke fitowa. Na ce gab da almuru. Ya ce to ba a zaɓar madubi da tsakar rana, in je in dawo.

Na yi la'asar a wani masallaci da ke kusa, na zauna a shirayinsa har rana ta yi sanyi, na koma. Hasken ya riga ya zama ruwan ƙasa-ƙasa. Da idona ba na iya rarrabe ɗakin tattabarun da bangon bayansa, amma a cikin ƙaramin madubin ga mutumin nan yana rufe ƙofofi ɗaya bayan ɗaya, ga wata mage tana laɓe a bayan tankin ruwa.

"Tamam?" in ji mai shagon.

Na sake ɗora zaren da kaina, na ɗora yatsuna a kansa na ƙirga, biyar. Na ƙirga karo na biyu. Sannan na ce tamam.

A hanyar komawa motar ta hau gadar da ke ratsa Zamalek, kogin yana kwance a ƙasa, ja a gefe ɗaya, toka a ɗaya, ƙunshin yana kan cinyata ba nauyi. Da Hajiya ta zo karɓa ta auna shi a tafin hannu, ta taɓe baki. "Duk faɗin Masar, Baba Malam, ɗan wannan abin? Wallahi ko abin hura wuta ya fi shi kwarjini." Na ba ta takardar shagon saboda masu bincike a filin jirgi, na ce ta kai hannu da hannu. Zaren kuwa ban mayar ba.

Wata biyu ba labari. Maƙeri zai yi maɗauri, aka ce, sannan rogo bai yi ƙwari ba. A kwanakin nan na sha tsayawa a tsakiyar karatu in ɗora yatsuna biyar a gaban idona. Ran nan da hantsi ina saman bene ina shanya darduma, saƙon muryarsa ya shigo. Na ji kukan kaji a bayansa, da wani yana daka.

"Bamisre, abin naka ƙarami ne, yaran gida sun yi dariya. Jiya na gwada shi a gonar liman. Gadun ya kwanta inda yake. Bindiga ta yi shurinta yadda ta saba, madubin ya zo har ƙofar ido ya yi mini sallama ya koma, bai shigo ba." Ya yi tari. Sannan ya ce, "Wannan karon ka ɗora yatsunka."

Na saurara sau uku. Na danna zan mayar da amsa, na ce, "Yaya," na aika a haka, kalma ɗaya tak. Ba a jima ba ya turo dariyarsa, ya ce in Hajiya za ta dawo in haɗo masa da man zafi na gwiwa.