Neman Iri a Bonkuku

Daga gida zuwa Filinge

Ƙarfe biyar saura kwata Baba ya tashe ni, tun zakara bai gama shawara ba. Sau biyu muka yi binne a bana, wato muka shuka gero a busasshiyar ƙasa muna jiran ruwa. Sau biyu yayyafi ya zo ya yaudari irin, ya tsiro, rana ta ƙone shi. Rumbunmu kuwa, ko ɓera ya shiga sai ya fito yana yi mana jaje.

"Ka tahi wurin Gwaggonka a Bonkuku," in ji Baba. "Ka ce iri ya ƙare. In ba mu shuka satin ga ba, shekara ta wuce mu."

Tun da aka hana babura, amalanken jaki na hau. Awa biyu muka yi kafin Filinge, jakin yana tsayawa yana tunanin duniya.

Filinge zuwa Bonkuku

Ƙarfe tara motar ta cika, kuɗin mota jika ɗaya da rabi na sefa kowane kai. Mu ashirin ne ciki, ban da akuyar da ta zauna a ƙafata kamar ta gaji wurin. Na ce wa direba, "Maigida, motar ga tana kai mu kuwa?"

"Ta kai ubanka, kai ma tana kai ka."

A shingen sojoji aka sauke mu. Na miƙa katin lakwal, wato na makaranta, sojan ya dubi hoton ya dube ni.

"Wanga ya hi ka ƙiba."

"Hoton bara ne, ranka shi daɗe. Lokacin da hura."

Bai yi dariya ba, ya ba ni katina. Kilomita wajen arba'in ɗin nan ban ga gona ɗaya mai kore ba. Wani tsoho yana ta leƙen sama ta taga har wuyansa ya ƙage.

Gidan Gwaggo

Mun isa sha ɗaya da rabi. Gwaggo, yayar Baba, ta rame har na kusa gaishe ta a matsayin baƙuwa. Ta ba ni ruwan gari wanda gero ya wuce ta kusa da shi kawai, jikokinta uku suna ƙirga kurɓina.

Da na isar da saƙo ta shiga ɗaka ta fito da tukunya liƙe da laka. Ta fasa. Gero ne, amma ja wur, an cuɗe shi da maganin da ake sa wa iri.

"Gwaggo, tururuwar garinku sun yi ƙarfi haka?"

"Ɗan nema, wa ya ce don tururuwa ne? Don kaina na sa. Randa yaran ga suka kwana suna kuka, hannuna ya zo bakin tukunyar ga sau uku. Na san Allah, amma na san yunwa. Shi ya sa na rufe wa kaina hanya tun ina da ƙoshi."

Ta auna tiya huɗu, ta raba biyu daidai, ta ɗaure mini rabi a zane.

Komawa

Na kwana, na kamo motar ƙarfe bakwai, ƙullin a ƙirjina kamar jariri. Daga Filinge ƙafa na taka, don kuɗin amalanke ya tafi ga ƙosai. Azahar na shiga gida.

Inna na tarar ta wanke turmi ta kafa shi tsakar gida, ƙannena zaune kewaye. Ashe ta yi niyyar ɗibar ko tafi biyu ta dama musu kunu. Ta kwance zanen, ta ga ja. Ta daɗe tana kallo. Sai ta kifa turmin, ta ce wa yaran su tashi su tsinko ganye.

Baba ya ɗauki sungumi ya nufi gona, sama fes, ko ɗigon girgije babu. Na bi shi da ƙullin.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya maido ni, na gode wa Gwaggo. Irin yana cikin ƙasa yau kwana tara.