Minti ashirin na ranar Juma'a

Shekara goma sha bakwai ke nan da rasuwar Bashmuhandis Idris, babban injiniyanmu, mijin yayata Halima, wanda ya koya mini aikin tarho. Duk shekara ana tambayata yadda nake ji. Gaskiya ba na jin komai sosai, kuma na daina jin kunyar faɗa.

A lokacin muna aiki a kabbaniya, wato babban ɗakin na'urorin tarho a Khartoum. Babbar na'ura tana wurinmu, ƙananan kuma suna cikin akwatunan ƙarfe a Alsahafa da Alshajara da Umdurman. Uwa da 'ya'ya yake kiransu. In za a sabunta manhajar da ke tafiyar da su, 'ya'yan ake fara tura wa, in ba haka ba su tashi ba su gane uwar ba. Duk akwatin da ya karɓi sabuwa sai ya mutu ya sake tashi, layukan unguwar su ɗauke na minti ashirin.

Minti ashirin ba abin wasa ba ne a mulkin soja. Layin wani mai kaki ya ɗauke a ranar aiki, sai ka ga mota a bakin ofis, a tafi da kai amsa tambayoyi. Shi ya sa Idris ya kafa ƙa'ida: ranar Juma'a, daidai hawan liman mumbari, lokacin da maza ke masallaci, ba mai ɗaga waya. Karɓa-karɓa muke yi, wanda ya tsaya ya yi azahar a ofis. Ya cika mana kunne da yabon wannan dabara tasa.

Wata Juma'a aka zo kan akwatin Umdurman, wanda layin gidan Idris ke ciki. Ya ce jikinsa ba daɗi, in yi ni kaɗai. Na tura manhajar, na zauna ina kallon allo. Akwatin ya mutu, ya tashi, fitilu suka koma kore, har na haɗa wa kaina shayi.

A cikin mintocin nan ciwon ƙirji ya taso masa. Maƙwabta masu mota suna masallaci, masu raksha, wato keken haya mai ƙafa uku, ma haka. Halima ta ɗaga waya, shiru. Kafin a idar da salla a samu mai kai shi asibiti, rai ya yi halinsa.

Na ci gaba da zuwa gidan, in gaishe ta, in sha shayi, in tafi. Ban taɓa ce mata hannuna ne ya kashe layin ba. Na ɗauka ba ta sani ba.

Yanzu waya tana aljihun kowa, tana sabunta kanta duk sa'ad da ta ga dama, ba ruwanta da liman. Da Idris zai gani, na san zai ce na'urorin zamani ba su da tarbiyya. Akwatin Umdurman kuwa yana nan a bakin titi ya yi tsatsa, wata mai shayi tana jingina bencinta da shi.

Bara muka wuce ta gabansa da Halima, ta tsaya.

"Salihu, ka ɗauka ban sani ba? Da na ce masa waya ta mutu, ce mini ya yi in ajiye, kai ne kake aiki. Ya sa na miƙo masa agogonsa. Da minti ashirin suka cika ya ce in ɗaga. Na ji ta dawo, na kara masa a kunne."

Na tambaye ta ko ya ce wani abu.

"Ya ce, kalas, shi ke nan, ƙaninki ya iya aiki."

Ban yi kuka ba ranar, kuma ban yi ba har yau. Na'urorin da ya kafa duk an daina amfani da su, ƙa'idarsa ma ba mai tunawa. Abin da ya rage nasa yana wurina: duk Juma'a, liman na hawa mumbari, sai in tsinci kaina ina duba agogo.