Gashin Bakin Sudalaimuttu

Shekara ashirin da shida ina gyara wa Sudalaimuttu gashin baki a shagona na aski da ke unguwar Saligramam a Chennai, kuma da hannuna na aske shi, don haka kada wani ya zo yana ba ni labari.

Daga wani ƙauye kusa da Tirunelveli ya zo Chennai, wai zai zama jarumin fim. Abin da ya samu shi ne tsayuwa a bayan bos. Ya yi fim sama da ɗari bai taɓa buɗe baki ba, sai dai ya ce "wayyo" in jarumi ya kai masa naushi. Ba don iya wasa ake kiransa ba, don gashin bakin ne, baƙi wuluk, ya murɗe har kusa da kunne. Kullum sai ya shafa masa man shanu, alhali matarsa Ponnutayi da guntun man kwakwa take lallaɓa gashin kanta. A garinsu kuwa ba a ganin leɓen namiji a fili sai in ubansa ne ya mutu.

Ana nan wani darakta ya ɗauko fim ɗin Hindi da ya yi kasuwa, zai maimaita shi da Tamil. Mutum ne mai basira ƙwarai. Yakan ajiye na asalin a kwamfuta kusa da kyamara, in kare ya gifta a can, sai a je a nemo kare. A na asalin akwai sufeton 'yan sanda mai magana huɗu, fuskarsa tas kamar ƙwai. Aka ba Sudalaimuttu wurin, da sharaɗin ya yi aski.

Ya shigo shagona ya zauna. Na girme shi, don haka anne yake ce min, wato yaya.

"Anne, kwashe shi."

"In kwashe me? Kai, ka sha wani abu ne?"

"Magana huɗu, anne. Huɗu! Shekara talatin ana dukana ban ce uffan ba."

"To in ka gama maganar, da wace fuskar za ka koma gida?"

"Ai gashi ne, zai fito."

Na ɗauko aska na kwashe. Kafin ya kai layinsu mutum uku sun yi masa ta'aziyya. Ponnutayi ta leƙo ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Malam, maigidan ba ya nan." Tsohonsa kuwa, da ke can ƙauye da ransa yana cin shinkafarsa sau uku a rana, ya aiko cewa tunda an riga an binne shi, ba sai an ƙara kiransa a waya ba.

Ranar ɗaukar fim jarumi ya iso, sai da aka jira shi awa uku kamar kullum. Ya kalli sufeto, ya yamutsa fuska.

"Ɗan sandan Tamil ba gashin baki? So kuke masoyana su farfasa kujerun silima?"

Darakta ya ce, "Yallaɓai, abin da nake ta tunani ke nan tun safe."

Mai kwalliya ya buɗe akwati, ya zaro wani na jabu, ya shafa gam, ya manna masa. Da shi Sudalaimuttu ya faɗi maganarsa huɗu.

Fim ya fito ranar Juma'a. Masoya suka kwarara madara a kan ƙaton hoton jarumi, aka sha kiɗa. Zuwa Talata ba kowa a silima sai masu neman sanyin na'ura, don duk gari an riga an kalli na asalin a waya. Wani mai sharhin fina-finai ya yi wa fim ɗin kaca-kaca, sannan ya ce abu ɗaya ne kawai na Tamil na gaske a cikinsa: gashin bakin sufeto. Masana ke nan. Hoton sufeton ya zaga wayoyi, daraktoci suka fara neman Sudalaimuttu, har da magana, wani lokaci shafi guda.

Wata huɗu yana renon nasa gashin bakin na gaske. Ya fito, da ɗan furfura, amma ni da na san sana'ata na ce ya fi na da kyau. Ya shafa man shanu ya tafi wurin aiki yana taku ɗai-ɗai. Wani sabon darakta ya dube shi, ya dubi hoton da ke wayarsa.

"Ba wannan jama'a suka sani ba. Ina wancan?"

Mai kwalliya ya ce yana akwati, sai dai gam ba ya kama kan gashi.

Abin ya ba ni haushi, har yau ma yana ba ni. Sudalaimuttu yana da 'ya'ya biyu a makaranta, na sani, shi ya sa ban ce masa komai ba. Yanzu duk ranar da yake da aiki, shi ne mutum na farko a shagona. Ya zauna, in ɗauko aska, sai ya ce, "Anne, juya kujerar." In juya shi ya ba madubi baya, ya fuskanci bango, sannan in fara.