Yatsan Gwaggo da Takardar Rijiya

A shekarun da aka samu mulkin kai, babu mai ji da kansa kamata a unguwarmu ta Gulma. Na yi ajin yaƙi da jahilci har an ba ni takarda, saboda haka ko gonar shinkafa za ni, fensir na maƙale a kunnena. Magidanci ne ni mai 'ya'ya biyu, amma kaina bai gama nuna ba.

Ruwan tafki muke sha. Kowace damina kurkunu sai ya kwantar da rabin unguwa, daidai lokacin da shinkafa ke neman hannu. Matata ta fi kowa shan wuya. Shekara uku a jere tana jan jiki daga ɗaki zuwa madafa, ƙafa a kumbure, ana naɗe tsutsar a tsinke kaɗan-kaɗan. Abin yana ci mini rai ƙwarai.

Sai labari ya zo cewa En'e, wato hukumar gargajiya, za ta ba da siminti da magina rijiya, amma sai ga mutanen da suka kafa jam'iyyar gama kai mai rajista, wadda za ta riƙa kula da yasa, da shinge, da guga. Simintin na rijiya ɗaya ne, kuma wani ƙauye ma yana nema. Nan da nan muka haɗa magidanta, aka naɗa ni magatakarda, don babu wani mai fensir.

Filin da magina suka ce akwai ruwa na Gwaggo ne, yayar mahaifina. Tsohuwa ce doguwa, marar son dogon zance, wadda aka kai aure Birnin Kebbi tun tana budurwa, ta dawo gida bayan mijinta ya rasu. Ta ba da filin ba tare da gardama ba. Sai dai dole ta je da kanta ta dangwala yatsa a gaban jami'in rajista, wanda ke zuwa Argungu daga Birnin Kebbi sau ɗaya a wata. In muka kuskure wannan zuwan, gulbin da ke tsakaninmu da Argungu zai cika, siminti ya bi wata hanya.

Muka ƙetare a jirgi da hantsi. Tun daga bakin ruwa nake koya wa Gwaggo yadda ake yi: a taɓa tawada, a ɗora yatsa, kada a murza. Ita kuwa goronta kawai take ci.

Jami'in wani Kirista ne mutumin wajen Jos, mai fara'a, ya daɗe a Birnin Kebbi har bakinsa ya juya irin namu. Ya karanta mana dokoki, ya tambayi wa zai riƙe igiya, wa zai hana shanu matsowa. Maza suka dangwala ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa na zana sunana da boko, na ƙara masa wutsiya don kowa ya gani.

Da aka zo kan Gwaggo, ta dangwala, sai baƙin tabo kawai ya fito, babu zane ko ɗaya. Aka sake, haka. Aka gwada hagu, aka bi yatsu goma. Shekarun da ta yi tana jan guga a Birnin Kebbi da sussukar shinkafa sun shafe su sumul.

Jami'in ya sosa ƙeya ya ce, "Inna, wanga ba ya karɓuwa. In na kai shi sama, maido shi za a yi."

Na tuna ƙafar matata. Na shiga roƙo, har ina cewa ko a gwada babban yatsan ƙafa. Mutane suka yi dariya, ni ko ba wasa nake ba.

Gwaggo ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, rufe muna baki." Ta juya wajen jami'in. "Malam, dole sai yatsa? In mutum ya rubuta sunanai da hannunai hwa?"

"Ai shi ya fi, Inna."

"To mi ya hana ku faɗi tun ɗazu? Miƙo alƙalamin ga."

Ta gyara mayafi, ta karkata takardar, ta fara daga dama. Sunanta, da na mahaifinta, da na garinmu, cikin ajami mai kyau kamar na allon sauka. Ashe gidan malamai aka kai ta aure, ta yi shekaru tana koya wa matan gidan karatu. Ni da nake ɗan ƙaninta ban taɓa tambaya ba.

Jami'in ya ɗaga takardar yana dariya, ya ce ya fi shekara goma bai ga hannu mai kyan wannan ba. Ya buga hatimi. Mutanenmu suka kaure da kabbara, suka yi ta yi mini tsiya har bakin gulbi, wai malamin boko ya koya wa malama dangwale. Na ji kunya, amma daɗin da ke raina ya fi ta yawa.

Magina suka dawo suka haƙa rijiyar kafin ruwan farko. Daminar nan kurkunu ya sake taɓa matata, don tsohon ruwa ne a jikinta. A damina ta biyu kuwa, wata safiya na tashi ban gan ta a gida ba. Na bi sawu har fadama, na same ta tsaye cikin shinkafa, ruwa iya gwiwa, tana cire ciyawa tana yi mini faɗa wai na makara.