Ranar da Aka Buga Taken Tsinke Bai Fito Ba

Da kakar nan shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar maigidana, Allah ya jiƙansa. Ban taɓa kiran sunansa ba yana raye, ba kuwa a jarida zan fara ba. Mutanen Yammedi da ƙasar Karaye sun san shi da Tsinke, sunan da makaɗa suka laƙaba masa a fagen dambe saboda rashin jiki. Mahauci ne ɗan mahauci. Ni kuwa karatuna na yaƙi da jahilci ne, da girmana na yi shi, in kun ga na karkace ku yi mini uzuri.

Samarin unguwarmu ne suka taso mini da zancensa. Tun da aka kawo rediyo gidan mai unguwa suke jin labarin damben Turawa, wanda ake sa wa hannu biyu safa, sai su dawo bayan katangata su yi ta musu: zuciya ce ke yin dambe ko ƙarfi? Ina tsintar wake ina jin su. Ni ban taɓa zuwa fage ba, matar aure ba ta zuwa. Amma kunnena ya sha zuwa. Daga tsakar gida, in kalangu ya sauya murya na san an kai wani ƙasa, har nakan gane namu ne ko baƙo.

A lokacin da ake kai gyaɗa Kano a kan jakuna, in an gama girbi mahauta kan bi gari gari da dambe. Wata shekara mutanen Zoza, garinmu na haihuwa can ƙasar Rogo, suka zo da wani ƙato ana ce masa Rumbu. Na san shi tun yana yaro, shi kaɗai yake kayar da sa a mahauta. Maigidan ya yi ta kauce masa har numfashin Rumbu ya ƙare, sannan ya kai shi ƙasa. Sai dai kafin nan naushi ɗaya ya sami maigidan a idon hagu. Aka rako shi gida da kiɗa, ido ya kumbura kamar ƙwan agwagwa. Kumburi ya saɓe, gani bai dawo ba. Wanzamin da ya yi masa ƙaho ya faɗa masa a gabana cewa ɗaya idon ma ya taɓu, in ya sake shan irin wannan naushin sai dai a nemo masa ɗan jagora.

Da shekara ta zagayo Rumbu ya dawo neman ramuwa. Ga al'adar: kowane ɗan dambe yana da takensa, kiɗan da shi kaɗai ake buga wa. In aka buga takenka kana gari ba ka fito ba, makaɗa sun ajiye shi ke nan har abada, sunanka kuma ya bi shi. Bayan la'asar sai ga Ɗanjuma makaɗi da kalangunsa a ƙofar gidanmu, jama'a na biye da shi.

Maigidan yana zaune kan tabarma a gindin darbejiya. Na ga ƙafarsa tana bin kiɗan ba da izininsa ba. Daga waje Ɗanjuma ya ɗaga murya: "Tsinke, ko lalle aka sa ka ne? Rumbu ya ce a gaishe da amarya."

Ya dube ni ya ce, "'Yar Zoza, ɗauko mini zaren nan." Haka yake kirana. Zaren da ake naɗe hannun naushi da shi yake nufi, yana cikin wata tukunya a ƙarƙashin gado. Na ɗauko na miƙa masa.

Ya ce, "Mutumin garinku ne ya matsa."

Na ce, "Ba ni na aiko shi ba. Amma ka sani ni ban iya jagora ba. Surutu zai ɗauke ni, mu faɗa rijiya mu biyu."

Ya yi 'yar dariya, ya fara naɗa zaren a hannunsa. Can sai ya tsaya. Ya sa tafin hannu ya rufe idonsa mai lafiya, ya zauna haka, kiɗa na ta tafiya. Da ya buɗe sai ya ce, "Miƙo mini muciyar can." Babbar muciyata ce ta tuwon biki, ta tsage a tsakiya tun da damina. Ya warware zaren daga hannunsa, ya shiga naɗa shi a jikinta, yana ja yana tamkewa, gumi na zuba masa kamar mai noma, har zaren ya ƙare ya ƙulle. Sannan ya fita. Na ji shi yana cewa, "Sannunku da rana. Ɗanjuma, ka gaishe da Rumbu, ka ce ya ci." Kalangu ya yi shiru. Ban sake jin taken nan ba har yau.

Kada wani ya ɗauka abin ya zo masa da sauƙi. A kasuwar Karaye yana yanka nama ana wucewa ana cewa Tsinke ya karye. Abokan da suke rububin riƙe masa riga a fage suka janye jiki. In kaka ta yi, kalangu ya tashi, sai ya ƙi cin abinci, ya tafi gona ko babu aikin yi. Amma da idon nan guda ya ci gaba da sana'arsa har tsufa, ya yanka ragon sunan jikokinsa da hannunsa, ya kuma ga fuskokinsu.

Nakan ce da yana nan me zai ce wa samarin nan? Na san zai fara da yi wa safar Turawa dariya, ya tambaya in an ɗaure hannu biyu da wanne za a kare fuska. Ba kuma zai yarda a raina jiki ba. Na taɓa ce masa zuciya ce ta ba shi nasara a kan Rumbu, ya ce a'a, ƙafa ce, ƙafar da ta saba dakon cinyar saniya daga Karaye zuwa Yammedi. Ya ce zuciya in ba ta da ƙafar da za ta tsaya a kai, duka kawai take jawo wa mai ita. Na ce to ranar muciya fa? Ya ce, "Wannan ne damben da na fi shan wuya."

Da ya rasu Rumbu ya zo ta'aziyya daga Zoza, ya tsufa, wuyansa na rawa. Ya aiko daga zaure yana so ya ga zaren Tsinke, in yana nan. Na aika masa da muciyar. Ina bayan ƙofa ina leƙe, ya daɗe yana juya ta, yana gwada ƙullin da farce. Sai ya ce wa mutane, "Wannan ɗaurin na shiga fage ne. Ashe ya fito ranar, mu ne ba mu gani ba."

Taken ya mutu, Ɗanjuma ya rasu, waɗanda suka yi masa gori ma saura kaɗan. Muciyar tana nan. Duk wani suna ko biki a unguwar nan ita ake zuwa aro, zaren ya yi baƙi da hayaƙi, amma ko kaɗan bai sassauta ba. Allah ya haskaka kabarinsa, ya gafarta masa, mu kuma ya kyauta namu zuwan.